Farin Gashin da Aka Aske

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Jiya Umma ta dawo gida da jaririn. Namiji ne. Gidan duk ƙamshin turaren wuta da na ganyen darbejiya da Hajiya Yelwa ke dafawa na wankan jego. Hajiya ita ta haifi Umma, kuma gwaggon Abba ce, shi ya sa in ta yi magana a gidan nan ba mai ɗaga kai. Jaririn "angona" take ce masa, ni kuwa ta ce in tattara littattafan soyayyata in ba su wuri.

Yana da kyau wallahi. Hancin Abba sak. Kuma a gaban goshinsa, daidai tsakiya, akwai wani ɗan gashi fari fat kamar an ɗiga masa madara. Na ɗauke shi hoto yana barci, sai ga Hajiya a kaina.

"Goge."

"Hajiya ai ni kaɗai zan riƙa..."

"Na ce goge. Bakin mutane ba abin wasa ba ne. Kuma kar in kuskura in ji kin faɗa wa wani."

Ta ɗauko hular saƙa ta sa masa har gira. Na danna wani abu dai a gabanta. Ban goge ba.

Na taɓa ganin irin wannan farin. Ba zan rubuta a ina ba.

Litinin, 4 ga Agusta, da safe

Birai sun sake sauko wa Anti Rosemary masara. Ita ce maƙwabciyarmu ta hagu, malama ce a jami'a, kuma aikinta ke nan, biran dutsen da ke bayan katangar unguwarmu a nan hanyar Karshi. Ta ɗaɗɗaura kyamarori a bishiyoyi. Kowa yana jifan su, ita kuwa dariya take yi, wai masarar kuɗin hoto ce suke karɓa.

Ta kira ni ta saman katanga ta ba ni madubin hangen nesa. Na ga wata uwa da ɗanta maƙale a cikinta. Duk sauran jajaye ne, shi kuwa da fari a kansa da kafaɗarsa, kamar ya faɗa buhun alli. Anti lamba take ba su. Ni na sa masa Alli.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Da ban tambaya ba.

Na kai wa Anti Rosemary kunun jego, na same ta tana duba hotuna a kwamfuta. Ba Alli kaɗai ba ne. Ta nuna min wasu na bara da na bariya, duk da tabon fari. Na ce ina suke yanzu? Ta ce ɗaya yana nan ya girma, sauran ba ta ƙara ganin su ba. Sai bakina ya ce, me ke kawo shi?

Ta gyara zama, ta ji daɗi an tambaye ta. Ta ce, "Kin ga dutsen nan ba? Da haɗe yake da na bayan Karshi, har cikin Nasarawa. Namiji in ya girma barin gida yake ya shiga wani garke, baƙo kuma ya zo nan. Yanzu ga titi, ga katangu, ga masu fasa dutse. Wanda ya gwada tsallakawa mota ta take shi. To wa za su aura? Sai junansu."

Ta yi dariya. Ni ma na yi, don kar ta lura.

Ta ce kowane abu a jikin halitta biyu-biyu yake zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya zo a lalace, ɗayan sai ya rufa masa asiri, ba wanda zai sani. Amma in uwa da uba duk daga kaka ɗaya suka ɗauko lalataccen, suka haɗu a jikin ɗa, babu mai rufewa.

Na ce, "Farin ciwo ne?"

"Shi kansa a'a. Wani sai ya tsufa da abinsa lafiya lau. Amma ni in na ga fari a waje, sai in fara tambayar me ke ciki. Wani lokaci abin da ya hana launi isa wurin, shi ne ya hana wani abu isa kunne, ko hanji."

Ta zo barka ranar Lahadi, ta ɗauki jaririnmu, ta ce kyakkyawa. Da hularsa ta gan shi.

Birai ne. Mu mutane ne.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

An yi suna. Umar Farouk.

Da sassafe wanzami ya zo. Hajiya ba ta bari a yi askin a tsakar gida ba, a ɗakinta aka yi, ta turo ƙofa. Ita da kanta ta tattare gashin a takarda. Da aka fito da shi kansa tas, sai ɗan haske kaɗan a wurin wanda in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Duk da haka ta mayar da hular. Na ji wani sanyi a raina, kamar an aske abin gaba ɗaya. Wauta.

Ya Ammar ya zo daga Utako inda yake bautar ƙasa. Farar shadda. Shi ya riƙe ragon. Da na kawo musu zoɓo ya ce, "Nazee sarkin shiru, ina aka kwana a littafin? Yayan ya dawo daga Turai ya gane ashe ita yake so?" Na kusa zubar da tiren. Gwaggonnina suka ɗauka da shewa, ɗaya ta ce, "Ga na gida, me za a je nema a waje? Ɗan wan ubanta ne, sai a ƙara ɗaure zumunci."

Da watan jiya ne, wannan maganar kaɗai sai ta ishe ni murmushin sati. Littattafan da nake so duk haka suke, yarinya da yayanta ɗan kawu, yana ɗaure mata fuska yana sonta a ɓoye. Na sha rufe ido in sa masa fuskar Ya Ammar. Yau kuwa na shiga kicin na tsaya gaban famfo.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Farouk ba ya kashi sosai. Tun farko ma ɗan kaɗan-kaɗan yake yi. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Hajiya ta ce kumburin jarirai ne, ta gasa masa da tsumma mai ɗumi. Umma tana ta kallon cikin.

Ni ma ina kallo.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Ya yi amai kore.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

An kwantar da su a asibiti. Umma da Hajiya suna can, ni ce mai girki, Abba in ya taso daga ofis ya ɗauke ni mu kai. An sa masa roba ta hanci, an ɗaura masa ruwa a ɗan hannun nan da ko babban yatsana bai cika riƙewa ba. An hana shi nono. Likitan, Dokta Thaddeus, ya ce wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga cikin, za a ba shi magani a gani.

Abba bai kunna rediyo ba a mota, zuwa da dawowa. Shi da ba ya iya tuƙi sai da labarai.

Na ƙona miyar.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Gidan ya yi min girma. Na buɗe littafin da nake karantawa a waya, na karanta shafi ɗaya sau ban san adadi ba, na rufe.

Na hau kan tankin ruwa na duba dutsen. Alli ba ya riƙe uwarsa da kyau, ita ke tallafe shi da hannu. Na ce a raina, in ya kama nono yau, Farouk zai samu sauƙi. Astagfirullah. Na san ba kyau, na san ba abin da ya haɗa su. Na zauna har rana ta dake ni. Ya kama na ɗan lokaci ya saki.

Birai ne.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Cikin bai sauka ba. Fatar har sheƙi take. Hajiya tana zaune bakin gadon da carbi, in nas ta zo gyara shi sai ta miƙa hannu ta ja hular ƙasa. Nas ɗin ma ta yaba, ta ce Mama kin iya kula da sanyi.

Ya Ammar ya zo dubiya da ayaba da lemo. Ya ce min, "Kin rame, Nazee." Na ce azumi nake. Ƙarya.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan asuba

Uwar tana tafiya da ƙafa uku. Ɗaya hannun tana riƙe da Alli a ƙirjinta, kansa yana lilo.

Lahadi, da rana

Anti Rosemary ta ce tun jiya Alli ya mutu. Ta ce haka suke yi, uwa sai ta yi kwanaki tana yawo da gawar, tana kore mata ƙuda, tana duba mata gashi. Ta faɗa a hankali, ita ma idonta ya yi ja.

Na koma gida na kulle ƙofa. Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ameera. Sunanta Ameera. Ina 'yar firamare aka haife ta, lokacin Umma ta je gida haihuwa. Ina tuna ƙamshinta. Ina tuna na sa yatsa na taɓa farin da ke goshinta na ce Umma an zuba mata gari, aka buge min hannu. An yi mata aski ranar suna. Sai ciki ya kumbura, sai amai. Aka ce zafi ne, aka jiƙa mata abubuwa, da aka tafi asibitin garin ma ba ta kwana biyu ba. Ba ta yi arba'in ba. Tun daga nan ba wanda ya ƙara kiran sunanta a gidanmu, ko hotonta babu. Abba yana Abuja lokacin, da ya iso an riga an yi askin, ban ma sani ba ko ya taɓa ganin farin nata.

Hajiya cewa take bakin 'yan barka ne ya kama ta, don kowa ya zo sai ya yi magana a kan gashin. Shi ya sa wannan karon ta rufe. Son shi take yi, na sani. Tsare shi take yi.

Kakana na wajen Abba da Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu ma an ce 'yan wa da ƙani ne. Mu ba titi ya zagaye mu ba, ba katanga. To me ya sa nake jin kamar a kan dutsen nan muke?

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Na je wurin Anti Rosemary aron ashana alhali muna da ita. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa tafiya. Can na ce, "Anti, abin nan da kika ce, a mutane ma yana yi?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Wa kika gani da shi?"

Na kalli takalmina.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Wayyo Allah, ni da bakina." Ta jawo ni ta zaunar. Ta ce in saurara da kyau, yawancin 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu ƙalau, ba ga ni ba, tsayi kamar falwaya. Ta ce ba laifin kowa ba ne, ba wanda ke ganin abin da yake ɗauke da shi. Sannan ta ce, "Ni ba likitan mutane ba ce, Nazeefa, ban san me ke damun ƙaninki ba. Amma in akwai abin da likita bai gani ba, ya kamata ya gani. Yau, ba gobe ba. Kina so in raka ki?"

Na ce a'a. In Hajiya ta ga na kai maganar gidanmu waje, har wajen maƙwabta, na mutu.

Litinin, bayan magariba

Na shirya maganar tun daga gida. A mota na ce, "Abba." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Gas ya kusa ƙarewa."

Ban iya ba.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma



Abba bai je ofis ba, da safe muka tafi. Farouk ya daina kuka ma, sai dai ya buɗe baki. Dokta Thaddeus ya shigo da wasu likitoci, ya daddanna cikin, ya ce maganin bai yi abin da suke so ba. Ya ce yana zargin hanjin, amma yana so yaron ya ɗan ƙara ƙarfi kafin a yi wani gwaji. Sai ya juya wajen Abba ya ce, "Alhaji, na tambaya ranar farko, bari in sake. A dangi an taɓa samun jariri da irin wannan?"

Abba ya ce, "Mun taɓa rasa 'ya, amma zafi aka ce. A ƙauye ne, an daɗe."

Likita ya gyaɗa kai ya fara rubutu. Zai wuce gado na gaba. Na ga bayan farar rigarsa. Hajiya tana kallona, ban san yadda aka yi ta sani ba, amma tana kallona.

A littafi yarinya sai ta miƙe ta yi jawabi kowa ya yi tsit. Ni ban yi jawabi ba. Wayar kawai na ciro, na buɗe hoton, na bi shi na miƙa masa ta gefen hannu kamar mai roƙo. Ya kalla. Ya ƙara girman hoton da yatsu.

"Wannan shi ne?"

Na ɗaga kai.

Ya dawo ya zare hular. Hajiya ta ce, "Likita sanyi..." Ya ce, "Yi haƙuri Mama." Ya haska wurin da fitilar aljihu. Gashin ya fara tsirowa ƙanana-ƙanana, baƙi ko'ina, wurin nan kuwa fari.

"Wadda ta rasu fa, tana da shi?"

Na ji kaina na ce, "Har da ita. A nan daidai."

"Ke!" in ji Hajiya. Ban taɓa jin ta yi min irin wannan tsawar ba.

Sai Umma, da ko kallon kowa ba ta yi ba, ta ce, "Gaskiya ne, likita. Ita ma haka cikinta ya yi." Abba ya juya yana kallon Umma kamar yau ya fara ganinta. Likita ya tambaya ko su 'yan'uwa ne, Abba ya ce 'yar gwaggonsa ce. Likita bai canza fuska ba. Ya ce akwai wani ciwo da ke zuwa tare da irin wannan gashin, wani yanki na hanji ba ya motsi, komai maganin da aka ba shi. Ya ce ba za a jira ba kuma, yau za a yi gwajin.

Da muka iso ƙofar gida Abba ya kashe motar, ya zauna riƙe da sitiyari. Ya ce, "Tun yaushe kike ɗauke da wannan?" Na fashe da kuka. Ya ɗora hannu a kaina.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Hajiya ta mayar da kunun da na dama ba ta taɓa ba. Ta ce wa Umma, ba ni ba, "In wani abu ya same shi, an san wanda ya buɗe shi."

Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Sun shiga da shi tiyata.

Alhamis, bayan azahar

Ba su fito ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ya fito. Yana numfashi. Na gani da idona ta gilashi, ƙirjin yana hawa yana sauka.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

An fitar masa da hanya ta gefen ciki, da 'yar jaka manne a wurin. Sai ya girma kaɗan za a sake wani aikin a mayar. Cikin ya sauka, har fatar ta yi yaushi. Likita ya ce kwanakin nan su ne masu haɗari, kar mu saki jiki. Ban saki ba. Duk lokacin da wayar Abba ta yi ƙara sai na miƙe tsaye.

Uwar Alli ta ajiye shi. Yau na gan ta da hannu biyu tana ɓare masarar Anti.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Ya sha nono. Umma ta yi dariya tana hawaye.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Sun dawo gida shekaranjiya. Saura gwajin kunne, an ba mu rana a wata mai zuwa. Ɗazu murfin tukunya ya suɓuce min a kusa da ɗakin, na tsaya ina leƙen ko zai firgita. Ya motsa hannu. Ban sani ba ko ƙarar ce ko mafarki yake. Ban sake gwadawa ba, tsoro nake ji.

Ya Ammar ya zo. Ya ce, "An ce ke ce jarumar asibiti." Na ce ba ni ba ce. Ya tambayi littafina, na ce na ajiye shi a tsakiya. Har yanzu in ya yi dariya sai na ji abin nan a ƙirjina, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma da Gwaggo ta fara zancen na gida, Abba ya ce, "A bar yarinya ta yi karatu," da wata murya da ta sa kowa ya kama shan lemonsa.

Anti Rosemary ta ce ta rubuta wa hukuma a buɗe babban kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, a share shi, ko birai sa samu hanya. Ba a ba ta amsa ba tukuna.

Lahadi, 7 ga Satumba, da safe

'Yan dubiya sun cika falo, matan unguwa da na ofishin Abba. Gashin Farouk ya fito sosai, farin ya fi na da ma haske. Hajiya ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, tana kaffa-kaffa da jakar. Har yau ba ta yi min magana ba sai ta bakin wani. Ta miƙa hannu ta ɗauko hular daga kan filo.

Umma ta ce, "Inna, a bar masa kansa."

Hajiya ta tsaya da hular a hannu. Ana jin muryoyin matan ta labule. Ta kalli Umma, ta kalli goshinsa, ta tofa masa addu'a mai tsawo a daidai wurin. Sai ta cusa hular a ƙarƙashin cinyarta, ta ɗago shi ta miƙo min.

"Ungo, uwar iyayi. Ke kika buɗe shi, ke za ki fita da shi."

Na karɓe shi. Na taka da shi har bakin labulen.